Rasuwar Malam Ba-shi-ba-ne, Mai Gadin Sunan Kawu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da fargabar da ba zan ɓoye ba, nake sanar da 'yan uwana editocin kundin ilimin nan na intanet rasuwar tsohon samfurinmu, wanda muka fi sani da Malam Ba-shi-ba-ne. Ga wanda bai san shi ba, shi ne ɗan layin nan da ke zama a saman shafi idan abu biyu sun yi tarayya a suna, yana gaya wa mai karatu wanne ya samu, da inda zai sami ɗayan. Ni na rubuta shi, ni na yi rainonsa tun yana 'yan kalmomi, shi ya sa sanarwar ta faɗo kaina.

Marigayin ba mai surutu ba ne. Duk rayuwarsa magana ɗaya ya sani: "Wannan shafi na wane ne. Idan wancan kake nema, bi nan." Da ita ya raba kogi da garin da ya ci sunansa, ya raba mawaƙi da likita, kuma ban taɓa jin wanda ya ce masa sannu da aiki ba. Amma gadin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wanda ya yi wa kawuna.

Kawu tsohon gola ne, ya tsare raga a zamanin da ake buga ƙwallo don Allah. Yanzu yana da ɗan shago inda yake sayar da ƙwallaye da rigunan 'yan wasa. Na buɗe masa shafi, da hotonsa a ƙofar shagon, allon suna a bayansa, yana murmushi da giɓinsa. Sai dai sunansa da na mahaifinsa sun zo daidai da na wani ɗan kwangila, wanda benen da ya gina ya rufta kan 'yan haya, ya tsere, kuma har yau ba wanda ke da hotonsa. Tsakanin waɗannan mutum biyu babu katanga sai marigayin.

Ciwon ajali ya same shi ne a hannun masoyi. Akwai editan da muke kira Tsintsiya, mutumin kirki wanda ba ya iya ganin abu a zaune lafiya. Ya leƙa cikin samfurin, ya ga wai sunayen gurabensa, inda ake cusa masa sunayen shafuka, sun tsufa, ya sake musu suna, bai bi shafukan da ke kiransa da tsohon suna ba. Da marigayin ya yi ihu da jan rubutu kamar sauran samfura, da mun ji. Shi kuwa, mai kunya ne har a ciwo, sai kawai ya yi shiru, wurinsa ya zama fili. Shugabanmu Mai Makulli ya ga gyaran ya yi masa tsaf, ya kulle samfurin don kada wani ya ɓata, ya tafi rubuta jarrabawa ya kashe waya.

Bayan 'yan makonni, Tsintsiyan dai, yana cikin shararsa, ya tarar da shafi biyu da suna ɗaya, ba wata alama a samansu. Ya ce maimaici ne, ya haɗe su. Aka wayi gari da mutum guda: ya tsare raga, ya gina bene, ya kashe mutane, ya gudu, ga shi nan kuma tsaye a ƙofar shagonsa yana murmushi.

Ina gani na raba shafukan, na rubuta gyara da manyan haruffa. Amma magana zarar bunu ce. Wani ya riga ya ɗauki hoton shafin, kuma hoton ya fi gyarana ƙafa, waya zuwa waya, har ya iso wayar matar kawu daga hannun ƙawarta.

Wani mutum ya shiga shagon ya tambayi ƙwallo, bai ko kalli inda ƙwallayen suke ba. Ya ce ƙanwarsa na cikin waɗanda aka tono daga benen, kuma ba faɗa ya kawo shi ba, fuska kawai ya zo gani. Kawu ya nuna masa yatsunsa da ƙwallo ta karya, ya rantse bai taɓa ɗora bulo kan bulo ba. Mutumin ya gyaɗa kai ya fita, ya tsaya a waje yana karanta wa wani allon shagon ta waya. Ban ga laifinsa ba, kuma wannan ne ya fi ba ni tsoro.

Da na je gidan, kawu bai amsa gaisuwata ba. Ya ce, "Ɗan nan, kai ka sa ni cikin wayar nan. To ka cire ni, na yafe sunan." Na ce, "Kawu, ai na gyara." Matarsa ta ɗaga labule kaɗan ta ce, "Gyara? Zo ka gaya wa waɗancan. Tun safe suke zaune kan bencin mai facin taya, ba su zo da mota ba, ba su zo da babur ba."

Marigayin ya rasu ya bar shafuka marayu masu ɗimbin yawa, waɗanda har yanzu ban gama bi ba, kuma ban san kawun wa ke cikinsu ba. Ya bar ƙaninsa Duba-kuma, wanda ke zaune can ƙasan shafi inda ba mai isa. Ya bar Tsintsiya, wanda ya ba da haƙuri da hoton fuska mai hawaye, ya kuma ce a shirye yake ya taimaka. Muna roƙonsa da girman Allah ya zauna.

Gawar tana nan a kulle. Za a yi jana'iza da zarar Mai Makulli ya kunna wayarsa, a binne marigayin a tarihin shafinsa, a naɗa magaji. Ana karɓar ta'aziyya a shafin tattaunawa kaɗai. Ba za a yi zaman makoki a gidan kawu ba, domin an rufe shagon, an sauke allon, an ɗauke shi da matarsa zuwa inda ba zan rubuta a nan ba. Kada kowa ya je, kada kowa ya kira. Wanda kuma aka tare a hanya aka tambaye shi ko ya san wani tsohon gola, don Allah ya ce bai taɓa jin sunansa ba.