Murhun Kyauta na Vaulx-en-Velin

A shekarata ta biyu ina aikin injiniya a Lyon, na gano wani lambun shaƙatawa kusa da Vaulx-en-Velin mai kwandunan ƙarfe a kan sanduna, sarƙoƙi na reto a samansu. Nan take na yanke hukunci cewa murhun gashin nama ne, kuma kyauta.

Sai na gayyaci Alhaji Isufu, ɗan kasuwar Paris da nake neman ɗiyarsa Rakiya, shi da iyalinsa duka. Na sayo cinyar rago, na zuba gawayi a kwando guda, har ina yi masa bayani: "Baba, Nasara sun iya ƙira amma ba su san gashi ba. Dubi yadda gawayi ke zubewa ta ƙasa."

Alhaji ya ce, "Injiniya ai ya fi mu sani."

Wuta ta kama ke nan sai wani faifan roba ya taso, ya bugi sarƙa, ya faɗa kan naman ya fara narkewa. Wani tsohon Bafaranshe ya biyo shi yana ihu: "Monsieur, wannan kwandon wasan disc golf ne! Faifai muke jefawa ciki!"

Mai gadin lambun ya sa na kankare kwandon a gaban kowa. Rakiya ta yi dariya har da hawaye, daga baya ta auri wani likita.

Har yau in muka haɗu a taron suna, Alhaji ko gaisuwa ba ya ƙarasawa: "Sarkin Fawa, yau faifai nawa aka gasa?"