Yadda Za Ka Gano Sabon Sinadari Da Numfashinka Kawai

Kai da ka daɗe kana haska garin katalis ba ka ga ko ƙyallin sakamako ba, share hawayenka. Bi matakan nan, na yi maka alkawari sai manya sun tafa maka. Dogo ya gwada, ga shi har yau yana kan teburinsa.

Dogo ɗalibin bincike ne a wani ɗakin gwaji, wanda Farfesa ya ce wa: "Ranar da masu tallafa mana za su zo, ko ka nuna mini abu, ko ka kwashe kwalabenka in ba Gilashi teburin." Gilashi kuwa abokiyar aikinsa ce, ta daɗe tana auna teburin nan da ido saboda yana bakin taga.

Mataki na 1: Ka san na'urarka sama-sama

Katalis gari ne mai haɗa sinadarai ya zame ba ko ƙwarzane, kamar dillali. Za ka danne shi ya zama siririn faifai, ka sa a akwatin na'ura, hasken infirared da ido ba ya gani ya ratsa shi. Duk sinadarin da ya sauka a kan faifan zai sha rabonsa na haske, allo ya zana masa tsauni. Aikinka ka cafke su suna tsakiyar rikiɗa, ka faɗi wa ya fara taɓa wa. Allon Dogo dai shimfiɗe yake kamar tabarma.

Mataki na 2: Kada ka matse murfi

Doka ta ce a rufe akwatin ruf, a hura iskar naitirojin a kori iskar ɗaki, domin iskar da mutum ke fitarwa ma tana da nata tsaunin. Doka ta masu lokaci ce. Dogo ya manta bai ɗaure maɓallin murfi ɗaya ba, ya sunkuya, ya tuna maganar Farfesa, ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya. Sai ga tsauni tsaye ƙyam! Ya ja baya, tsauni ya kwanta. Ya sake nishi, tsauni ya miƙe.

Mai hankali zai gane nan take. Dogo ma ya gane. Bambancinsa da mai hankali shi ne ya danna ya buga a takarda.

Mataki na 3: Raɗa masa suna mai nauyi

Kada ka ce "tsauni". Ka ce "sinadarin tsaka-tsaki mai gajeren rai". Kalmar "gajeren rai" garkuwa ce: duk wanda ya nema bai gani ba, shi ne ya makara. Farfesa, wanda rabonsa da taɓa na'ura tun kafin kansa ya yi furfura, ya ɗaga takardar yana gyaɗa kai.

"Ka ga abin da nake gaya maka, yaro? Matsi shi ke fitar da mai."

"Albarkarku ce, ranka ya daɗe," in ji Dogo, yana numfashi ta gefen baki.

Mataki na 4: Toshe bakin mai ido

Kowane ɗakin gwaji yana da Gilashinsa. Ta leƙa takardar sau ɗaya, ta sauke tabarau.

"Malam Dogo, wannan sinadarin naka, yana goge baki da safe kuwa?"

"Ban gane ba."

"Na ga ba ya fitowa sai kana kusa. Jiya da ka je cin abinci, shi ma ya tafi."

Kada ka yi musu. Wanda ya riƙe maka wuya ba a yi masa gardama, kyauta ake masa. Dogo ya bar mata na'ura duk safiya, ya ɗauki wanke kwalabenta, ya sa sunanta na biyu a takarda. Ta ce ita ba ta ga komai ba, tabaranta ma sun yi hazo.

Mataki na 5: Ranar baƙi, tara su kusa

Nan ne ƙwarewa take. Kashe fanka, ka ce tana girgiza haske. Rufe taga. Dogo ya yi ta cewa, "Ku matso, ranku ya daɗe, abin ƙarami ne, sai an sunkuya." Manya suka yi cincirindo a kan akwatin, ga shi sun hawo bene suna haki. Farfesa ya dafa murfi ya buɗe jawabi, shi kuwa in ya fara sai an kira shi a waya.

Tsauni ya tashi. Ya ƙara tashi. Ya fasa saman allo.

"Ikon Allah!" in ji shugabar baƙin. "Kullum haka yake yi?"

"Bai taɓa kai haka ba, Hajiya," Dogo ya amsa, kuma a ranar wannan ce kaɗai gaskiyar da ya faɗa. Gilashi ta fita waje da tari.

Mataki na 6: Karɓi ladanka da hannu biyu

Tebur ya tabbata na Dogo. Baƙi suka ce aiki irin wannan ya fi ƙarfin tsohuwar na'ura, suka aiko da sabuwa dal: akwatin ƙarfe a liƙe, ko sauro ba zai sami ƙofa ba, daga ɗakin gefe ake sarrafa ta ta bayan gilashi. Farfesa ya dafa kafaɗarsa.

"Mako mai zuwa za ka maimaita musu a kan wannan."

An ga Dogo da yamma yana zagaya sabuwar na'ura a hankali, yana shafa kowane lungu yana neman 'yar kafa, da tsinken roba na zuƙar lemo a aljihun rigarsa.

Gargaɗi: marubucin nan bai san ka ba, bai taɓa hawa benenku ba. In asiri ya tonu, numfashinka ne, ba nawa ba.