Yadda Maɗin Inna Nachisale Ya Bi Ta Hannun Hukuma

Jama'a, ku taya ni murna, ni ma na shiga sahun manyan masu laifi. An kama ni a shingen hanyar Nkhotakota, rana tsaka, ina tuƙa keke, ga tsohuwa a baya, ga jarka a tsakaninmu. Eh, keke. Babur ɗina yana can a layin mai, ya daɗe har kaza ta fara ƙwai a ƙarƙashinsa. Allah ya saka wa manyanmu da alheri, sun ga tumbi ya fara fito mini ne suka tausaya.

Tsohuwar maƙwabciyata ce, Inna Nachisale. Tun ina yawo ba wando take noman chamba, wato wiwi, a can bayan dutse, tana gudu ana bin ta. Mijinta ma a gidan yari ya cika. Sai ga shi an ce an halatta ta magani. Inna ta shiga ƙungiyar manoma masu lasisi, ta shuka abarta a bakin titi, karon farko a rayuwarta tana noma ba ta waige. Sharaɗin ɗaya ne: in mai saye ya zo ya matsa furen ya ji ba nauyi, an cire ta daga ƙungiya. Takin da Mai Girma Sarkin Almakashi ya yi alkawari ranar da ya yanka ƙyalle kuwa, har yau yana hanya. Ina jin shi ma layin mai yake bi.

Da tsiro ya fara fure babu taki, sai Inna ta koma wa dabararta ta bayan dutse: baƙin maɗin rake, mai kaurin nan da ke saura in an cire sukari. A dama kaɗan a ruwa, a zuba a gindi. Wai ƙasa ce ke sha, ita kuma ta ciyar da fure. Ko yana aiki ko ba ya yi, ni ɗan keke ne, ban sani ba. Na dai san akuyarta ta bayar aka ba ta jarkar ƙarshe kafin injin rake ya tsaya. Ta toshe bakin da totuwar masara naɗe da jan tsumma.

To amma a garin nan, duk wanda aka gani da maɗi, an gama yanke hukunci: kachasu zai dafa, barasar nan mai kwantar da ƙato.

Yallaɓai Mai Shinge ya zare totuwa, ya shinshina, ya lashi yatsa.

"Inna, wannan na mene ne?"

"Na wiwina ne, ɗan nan."

Ya dube ta, ya dube ni, ya fashe da dariya har hularsa ta faɗi.

"Kai! Shekara da shekaru masu wiwi suna rantse mini ganyen rogo ne. Yau ga mai kachasu tana ɓuya a bayan wiwi! Inna, da girmanki?"

"Zo mu je ka gani da idonka. Gonar tana bakin titi."

"Da wane man fetur?"

Na buɗe baki zan sa baki, ya ce in na ƙara tari, keken ma shaida ne. Na haɗiye tarina. Aka shige da jarka ciki domin bincike.

Mun yi sintiri har tayata ta gaji. Yau oga ya fita, gobe oga yana taro. Da Inna ta ce fure ba ya jiran oga, sai aka yi mana wa'azi: kayan da ya shiga hannun hukuma, ta hannun hukuma zai fito, mu yi haƙuri zai iso. Ita kuma kullum da safe tana zagaya gona tana taɓa furen, ga shi nan siriri kamar jelar ɓera.

Ana nan, sai ga jiniya. Motoci reras, ko ina suka samo mai oho. Mai Girma ne ya zo ɗaukar hoto da nasarar da ya samu a gonar Inna. Ya riƙe reshe, ya yi murmushi, ya tambaya ko wannan ce ake kira waken suya. Muka tafa. Yana jawabi a kan takin da ke tafe, 'yan rakiya suka sulale bayan mangwaro, har da Yallaɓai Mai Shinge, kofi yana zagayawa. Ƙamshin kachasu ya iso mu kafin jawabi ya kai rabi. Na leƙa, me zan gani? Jarka ce a tsakiya, da totuwa, da jan tsumma. Ashe bincike ya kammala, har an tace sakamako.

Abin da ya shiga kuwa dole ya nemi hanyar fita. Ɗaya bayan ɗaya suka shiga cikin gona, suka juya mana baya, suka kwance bel. Jinina ya hau, na ɗauki famfon keke. Inna ta riƙe mini hannu.

"Ƙyale su, Kamwendo. Nawa ne, ya iso." Sannan ta ɗaga murya: "A gindi, 'ya'yana! Kar ku jiƙa mini fure!"

Wallahi suka gyara tsayuwa. Ban taɓa ganin ma'aikata sun bi umarnin talaka da sauri haka ba.

Jiya mai saye ya zo. Ya matsa fure, ya sake matsawa, ya share hannu a wando, ya ce, "Sai haƙuri, Inna." Shi ke nan, an cire ta. Ni da na yi ta dariyar labarin nan a majalisa, jiya kam raina ya ɓaci, ko abinci na kasa ci.

Yau da safe na hango ta da fartanya a kafaɗa, ta nufi bayan dutse, tana tafiya tana waige kamar da. Na bi ta da keke na ce, "Inna, da tsufanki za ki koma gudu?"

"Can in an kama ni, aƙalla za a yarda wiwi nake nomawa."

Hoton dai ya fito a jarida, kuma Mai Girma ya yi kyau ƙwarai. A ƙasa an rubuta cewa takin ma yana nan tafe, kuma ta hannun hukuma za a raba shi, gona-gona, kamar yadda aka saba. Allah ya sa ranar ina layin mai.