Yadda Na Ƙara wa Baffa Girma da Alƙalami

Ba zan taɓa mantawa da wata safiyar Asabar ba, wadda na miƙe tsaye a filin makarantar unguwarmu a nan Gadarif, da rawanina da farar jallabiya, na shaida wa jama'a da bakina cewa abin da hannuna ya rubuta ƙarya ne. Shekaruna sittin da bakwai a lokacin. Har yau idan na tuna, ba kunyar kaɗai ke zo mini ba, har da mamaki: ta wace ƙofa wannan dabara ta shigo kan mutum mai furfura?

Asalin lamarin son sani ne. Bayan na ajiye aikin koyarwa, kowace la'asar nakan ji busar usur daga bayan katangar makaranta, in leƙa in ga yara sanye da gajeren wando da ƙyalle a wuya suna ta ɗaure igiya suna kwancewa. Su ne ake kira kashshafa. Na yi ta tambayar shugabansu, wani matashi mai suna Ustaz Usman: me ya sa sarawarsu da yatsu uku ce? Me ya sa kowane ƙulli ke da sunansa, alhali mu duk ƙulli ƙulli ne? Da ya gaji da tambayoyina, sai ya ce, "Ya Hajji, tun da kana son sani, ga daftar, littafin sunayen yara, ka riƙe mana. An ce duk unguwar nan babu mai rubutunka." (Gaskiya aka faɗa masa, kuma ban musa ba.)

Ga yadda aikin yake. Kowane yaro yana da shafinsa. A shafin akwai jerin abubuwan da zai iya kafin a ɗaga darajarsa: ƙulle-ƙullen igiya, hura wuta da tsinken ashana biyu kacal, ɗaure wa mai karaya hannu, gane alƙibla a daji, tafiyar yini guda a ƙafa. Ustaz Usman ya gwada yaro, ya sanar da ni, ni kuma in rubuta rana in sa hannu. Wanda ya cika shafinsa ya zama kashshaf na farko, a ba shi ƙungiyar yara bakwai ya shugabanta, su riƙa sara masa. Kuma masu wannan daraja kaɗai ake kaiwa babban sansanin da ake yi a Hawata, a bakin kogin Rahad, bayan an gama yankan riɗi.

A cikin yaran akwai biyu daga gidan maƙwabcina Alhaji Mamman. Ɗaya Haruna, jikansa, ɗan shekara goma sha biyar, yaro mai shiru da nacin koyo. Ɗayan Ilyasu, autan Alhajin, ɗan shekara goma sha biyu, mai kumatu da yawan dariya. Wato Ilyasu ƙanin uban Haruna ne, baffansa ke nan, ko da yake Haruna ya girme shi da shekara uku. A gidajenmu wannan ba abin mamaki ba ne, kuma ba abin wasa ba ne. Na sha ganin Haruna ya durƙusa ya gaishe shi ranar Sallah.

A ƙarshen daminar nan Haruna ya cika shafinsa. Shekara biyu yana bin abin layi bayan layi, kuma wannan ce damarsa ta ƙarshe, domin ubansa ya riga ya faɗa cewa baɗi zai tafi da shi gonarsu da ke Fashaga. Na buɗe shafin zan rubuta masa daraja, sai idona ya faɗa kan shafin da ke kallonsa, na Ilyasu. Layi biyu kawai aka cika, ɗaya daga ciki ma haddar alkawarin kashshafa ne. Kuma a ƙungiyar da za a ba Haruna yake.

Na ajiye alƙalami. Na hango baffa tsaye a sahu, ƙame, yana sara wa ɗan wansa a gaban iyaye, Alhaji Mamman kuwa yana zaune yana kallo. Na ce a raina, wannan ba za ta faru a littafin da nake riƙe ba. Ban hana Haruna haƙƙinsa ba, Allah Ya sani. Abin da na yi shi ne na cika wa Ilyasu shafinsa kaf, layi bayan layi, da kyakkyawan rubutu, na kuma sa masa ranar kammalawa kwana ɗaya kafin ta Haruna, domin ko a takarda baffa ya riga ɗa. Ban kira abin ƙarya ba. Gyara na kira shi.

Na yi niyyar in koya wa yaron duk abin da na rubuta kafin ranar taron ba da daraja, ta yadda gaskiya za ta biyo rubutu daga baya. Sai a nan na gano cewa shekara uku ina sa hannu a kan ƙulle-ƙullen da ban iya ko ɗaya ba. Na kira shi zaure da igiya, muka yi ta fama, har na ɗaure babban yatsana da ƙafar gado. Ilyasu ya yi dariya har ya kwanta. Na sallame shi, ban kuma gaya masa dalilin kiran ba. Na kwantar wa kaina da hankali cewa babu mai karanta irin waɗannan littattafai.

Ashe akwai. Ranar taron aka turo mufattish, wato mai binciken kashshafa na jiha, wani dogon Balarabe mai tabarau. Iyaye suka cika inuwar darbejiya, ana zuba shayi. Ya karɓi littafin, ya buɗe, ya ce da Larabci, "Ma sha Allah! Wane ne mai wannan hannu?" Na ɗan gyara zama, na ɗaga yatsa kaɗan, irin ɗagawar wanda ba ya son yabo amma yana jira a ƙara. Ya ci gaba da juya shafi yana gyaɗa kai. Sai ya tsaya.

"Ɗan shekara goma sha biyu, ya gama komai cikin mako shida? Ban taɓa ganin irinsa ba. A kawo mini shi in gani."

Ustaz Usman ya leƙa shafin, ya ɗago ya dube ni. Ni kuwa na duƙufa ina nazarin kofin shayina.

Ilyasu ya fito yana murmushi, shi a zatonsa kyauta za a ba shi. Mufattish ya miƙa masa tsinken ashana biyu, ya nuna masa tarin kara.

"Biyu?" in ji Ilyasu. "Ustaz, ni kwali guda nake ƙararwa, kuma Haruna ne yake hurawa a ƙarshe."

Aka yi dariya. Aka ba shi igiya, aka ce ya yi ƙullin ceto. Ya juya ta, ya sake juyawa, ya yi irin ɗaurin da ake yi wa jaki a bakin kasuwa, ya miƙa. Mufattish ya nuna masa shafin ya ce, "An rubuta nan cewa ka yi tafiyar yini guda a ƙafa."

"Ni? Wallahi ranar zazzaɓi nake yi. A tambayi Innata."

Dariyar ta tsaya a nan, domin mufattish ya rufe littafin. Ya ce idan shafi ɗaya ƙarya ne, ba shi da dalilin gaskata sauran. Ba zai sa hannu a kan darajar kowa ba, kuma daga wannan unguwa babu mai zuwa Hawata bana. Na dubi Haruna. Yana tsaye a sahu, ya goge rigarsa har tana ƙyalli.

To, a nan ne na miƙe. Gwiwoyina suka yi ƙara, kowa ya waiwayo. Na tattaro mafi kyawun Larabcina (a tunanina kunya za ta fi sauƙi da lafazi mai kyau, ba ta fi ba) na ce shafi ɗaya ne na ƙarya, ni na rubuta shi, shugaban yara bai sani ba, yaron ma bai sani ba.

"Don me, ya Hajji?"

"Domin baffansa ne."

"Wane ne baffan wa?"

Na nuna Ilyasu, na nuna Haruna. Mufattish ya cire tabarau ya dubi gajeren, ya dubi dogon, ya sake duban gajeren. Na yi masa bayani dalla-dalla, cewa a wajenmu ƙanin uba uba ne, kuma uba ba ya sara wa ɗa. Ina magana ina jin yadda take ƙara yin rauni a kunnena.

Wanda ya ƙarasa ni shi ne mutumin da na yi abin dominsa. Alhaji Mamman ya dogara sandarsa ya ce da Hausa, da ƙarfi yadda har mata a baya suka ji, "Malam, wa ya aike ka? A gidana in ba na nan, Haruna ke jan sallah, don shi ya fi karatu. Ilyasu a bayansa yake tsayawa. Shekara biyu ke nan, ban ga rufin ɗakin ya faɗo ba."

"Kuma bayan sallama shi yake ɗauko mini takalmi," in ji Ilyasu. "Baba Malam, ai mun raba. Gida nawa, fili nasa."

Wata tsohuwa daga baya ta ce, "Kai, Malam, da ka tambaye mu!" Matan suka kwashe da shewa. Ban san inda zan sa fuskata ba, sai na sa ta a rawani.

Ustaz Usman ne ya roƙi mufattish ya gwada yaran da kansa, tun da ga su ga igiya. Ya yarda, ya fara da Haruna. Tsinke ɗaya ya ƙyasta, wuta ta kama, ya mayar da na biyun. Ya yi ƙulli shida a jere. Da aka zo ɗaurin karaya, mufattish ya ce a samo wanda za a ɗaure, sai ya dube ni ya ce, "Bismillah, ya Hajji." Haka na zauna a tsakiyar fili, hannuna a rataye da ƙyallen wuya, yaro yana ce mini a hankali, "Baba Malam, in ya matse ka faɗa." Ban faɗa ba, ko da yake ya matse.

Da hannun da ya rage mini aka ba ni jan alƙalami, na soke layukan Ilyasu ɗaya bayan ɗaya, ina karanta kowane da ƙarfi kamar yadda mufattish ya buƙata. Sannan aka kira Haruna aka maƙala masa lambar kashshaf na farko, aka sa sunansa cikin masu tafiya. Ilyasu ya ƙame a gabansa ya sara, har da buga ƙafa. Haruna ya rama sarawar, ya ɗan sunkuyar da kai ya ce, "Na gode, Baffa."

Na daɗe ina juya wannan a raina. Yara biyu sun warware abin tun tuni a tsakaninsu, ba da taro ba, ba da takarda ba, ni kuwa na zo da furfurata zan kare musu mutuncin da ba ya cikin haɗari. Littafin yana hannuna har yanzu, domin ba a sami mai rubutuna ba (wannan kam ba zan janye ba), sai dai Ustaz Usman yana sa hannu a ƙarƙashin nawa. Abin da na koya kaɗan ne, amma na biya shi da tsada: kafin ka tashi ceton girman wani gida, ka fara sallama, ka tambayi masu gidan ko girman nasu ya ɓata.