Rasuwar Tsoho Niels, Amalanken Gidan Hunsaker

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma wani abu da ya fi baƙin ciki nauyi, Ɗan'uwa Orvil Hunsaker na kwarin Sanpete yake sanar da 'yan coci, da maƙwabta, da duk wanda ya taɓa yin kanta a tafin hannu saboda marigayin, rasuwar amalankensa, Tsoho Niels. Ya rasu ranar Alhamis da hantsi, a tsakiyar hawan da ake kira Tudun Mata a dajin Wyoming, yana da shekara talatin da ɗaya.

Orvil ne ya sassaƙa shi da hannunsa a rumfar bayan gida, ya raɗa masa sunan kakan kakansa, wanda ya taso daga Denmark ya mutu a hanya cikin ƙanƙara, ya bar matarsa Maren tana jan amalanke ita kaɗai da yara uku. Marigayin bai taɓa ɗanɗana ƙarfe ba, ko ƙusa ɗaya. Ƙashin bayansa, wato sandan da ya ratsa ƙafafunsa biyu, itace ne zalla, kitsen sa ake shafa masa, don haka magabata suka yi. Sauran amalanken coci duk an sa musu ƙarfe da baƙin mai. Orvil yana kiransu kekunan kanti, kuma a gaban masu su yake faɗa.

Sau takwas marigayin ya fita tattaki. Duk shekara huɗu matasan coci kan sa dogon siket da malafa, a raba su gida-gida da uwa da uba na aro, kowa ya cusa kayansa laba goma sha bakwai a bokiti, su yi kwana uku suna ja don su ji abin da kakanni suka ji. Niels ya ɗauki bokitai da tukwane da garwar ruwa, ya ɗauki waɗanda rana ta sumar. Ya sha amai, ya sha hawaye, ya sha waƙoƙin yabo daga bakin da ƙishi ya busar. Maganarsa ɗaya ce tak: ƙiiƙ-ƙyas, ƙiiƙ-ƙyas.

Ciwon ajalinsa ranar Laraba ya bayyana. Yashi ya cakuɗu da kitsen, ya yi ta cin itacen daga ciki, muryarsa ta koma ƙiiƙ-gau. Bishop Aagard ya ji, ya ce, "Ɗan'uwa Orvil, tsohon nan naka fa tari yake yi. Akwai na ƙarfe a bayan mota, mu sauya mana."

Orvil ya ce, "Haba Bishop, Maren mota ce ta biyo ta da na sauyi? Ƙyale shi, ya girme ka a aikin nan."

Aka yi dariya, Orvil ya ji daɗin dariyar. Yana so a rubuta wannan ma.

Al'adar Tudun Mata kowa ya san ta. Ana janye maza gaba ɗaya, su jeru a gefen hawan, su cire malafa su ɗora a ƙirji. Ba taimako, ba magana. Mata su kaɗai za su hau da amalanke, don tunawa da gwaurayen da suka ja bayan sun binne mazajensu. Shaylene, jikar Orvil mai shekara goma sha shida, ta rataya katin sunan Maren a wuya, ta ce ita amalanken gidansu za ta tura. Da za su rabu ta tsokane shi: "Kaka, yau ni ce Maren. Ka tsaya ka ga aiki, kuma kada ka yi min kuka a gaban mutane." Ta koma bayan amalanken ta sa kafaɗa.

Taku goma ne tsakanin Orvil da su. Gau, in ji Niels. Gau. Orvil ya san muryar nan fiye da tasa, ya san abin da take faɗa. Ya buɗe baki. Sai ya dubi layin mazan nan, kai a sunkuye, wasu na hawaye, kuma shi ne da bakinsa ya shekara talatin yana koya musu cewa duk namijin da ya yi magana a tudun nan ya ɓata wa matan ranarsu. Ya rufe bakinsa, ya ƙara matse malafar.

Kalmar marigayin ta ƙarshe ita ce ƙarass. Ƙafar hagu ta fita, ya zauna da baya, shi da garwar ruwa, a kan ƙafafun Shaylene. Likitoci sun ce ta dama za ta warke. Ta hagun sun ce a jira, a keken marasa lafiya za a yi jiran.

Ya rasu ya bar ƙafa ɗaya mai lafiya, da rabin gwangwanin kitse, da kekunan kanti biyar da suka hau tudun lami lafiya. Ya bar RaNae, 'yar Orvil, uwar yarinyar, wadda ta kwana bakwai ba ta ɗauki wayar mahaifinta ba, da ta ɗauka kuwa cewa ta yi, "Baba, kada ka kawo min furanni. Matakala huɗu ne a ƙofata, kuma Litinin za a sallamo ta." Ya bar Shaylene, wadda ta aiko tana tambaya ko za a iya gyara Niels. Da zagi ta aiko, da Orvil ya fi samun sauƙi.

Masu shirya tattakin sun rubuta cewa tsautsayi ne na tsohon itace. Orvil yana roƙo a gyara, don kada a yi wa mamaci ƙarya. Niels ya yi magana tun Laraba, ya kuma yi a kan tudu. Mai shi ne ya yi shiru.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe takwas na safe, a ƙofar gidan RaNae. A nan za a ɓaɓɓalle katakon marigayin, a shimfiɗa shi a kan matakalan nan huɗu, ya zama gangaren da keken Shaylene zai hau. Da ƙusoshin ƙarfe za a kafa shi, masu kauri, Orvil ya riga ya sayo. Matan coci za su kawo dankalin makoki kamar yadda aka saba. Maza su zo da guduma, kowa ya bar malafarsa a ka. Duk wanda ya ji wani katako ya yi ƙara, komai ƙanƙantarta, don Allah ya faɗa da ƙarfi.