Yadda Za Ka Ci Tsire a Ɓoye Alhali 'Yarka Ta Fara Lissafin Kusurwa

Kai maigidan da likita ya raba da jan nama, matso kusa. Bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, na ba ka tabbaci za ka ci tsirenka har da gyara, ka shiga gida ba wanda zai kama ka, ko da kuwa akwai 'yar sakandare mai karatun alwatika da murabba'i a cikin gidan. An gwada hanyar a kan mutum mai rai, Alhaji Mahmudu dillalin motoci da ke nan Nasarawa GRA, abokin zamanmu a majalisa.

Ga halin da yake ciki. Babban yatsan ƙafarsa ya kumbura har takalmi sau-ciki ya gagara, likita ya ce jan nama ne ke tayar da ciwon. Matarsa Hajiya Luba ta yanke hukunci: "Alhaji, idan ka sake cin tsire, to mukullin mota ya dawo jakata, majalisa kuma sai dai ka ji labarinta."

Majalisar nan ta fi ƙarfin mai ɗingishi ya taka da ƙafa, kuma gab da teburin mai tsire take. Mutumin da gashinsa ya yi fari a kan wannan tabarma, a ce ya zauna falo yana kallon fanka? Abu ɗaya ya roƙa: "Ba da zato ba, Hajiya, sai da hujja." Ta ce ta yarda. Ya ɗauka ya ci riba, don ya manta da autarsu Nabiha.

Mataki na 1: Gane cutar tun tana sabuwa

Alamarta guda ce. Yarinyar da a da ba ta san komai ba sai "to, Abba" za ta fara cewa "saboda haka". Da ka ji wannan a bakin 'yar aji biyar, ka sani ɗan sanda ya tare a gidanka, kai ne kuma ka ɗinka masa yunifom.

Ranar farko Nabiha ta baje littafi a teburin cin abinci tana bita da ƙarfi: "Idan siffa murabba'i ce, to tana da kusurwa huɗu. Wannan siffa murabba'i ce. Saboda haka tana da kusurwa huɗu."

Alhaji ya tuntsire da dariya. "Yanzu wannan ne karatun? Ai ko tayil ɗin banɗaki ya san haka."

Ta ɗago kai, ta ɗan shaƙi iska. "Idan mutum ya zauna kusa da mai tsire, to rigarsa za ta yi ƙaurin hayaƙi. Rigar Abba tana ƙaurin hayaƙi. Saboda haka..."

Allah ya taimake shi aka ɗauke wuta, ya zabura ya fita wai zai duba janareto, abin da bai taɓa yi ba tunda aka saye shi. Darasi: kada ka raina karatun yaro da ƙarfi, musamman in fanka tana kaɗawa daga wajenka.

Mataki na 2: Je ka ga malamar, da fuskar uba nagari

Sa farin yadi, fesa turare, ka tafi makarantar. Iyaye maza ba su cika zuwa ba, don haka za a karɓe ka kamar gwamna. Haka Malama Scholastica, mutuniyar Zariya mai koyar da lissafi, ta karɓi Alhaji Mahmudu.

"Malama, kishin karatun yarinyar nan ne ya kawo ni. Wannan 'idan kaza, to kaza' da kuke koya musu, ba shi da wata ƙofar baya?"

Daɗi ya kama ta, ta jawo alli. "Akwai inda yara ke faɗuwa, Alhaji. Kowane murabba'i yana da kusurwa huɗu, gaskiya ne. To juya maganar: duk mai kusurwa huɗu murabba'i ne? Dubi ƙofar can. Kusurwa huɗu gare ta, amma tsayinta ya fi faɗinta, ba murabba'i ba ce. Magana tana iya zama gaskiya a tafiya, ta zama ƙarya a dawowa. Misali ɗaya tak ya isa ya rushe ta."

"Wato ba duk mai ƙaurin hayaƙi ne ya ci... ya zama murabba'i ba?"

"Hayaƙi kuma, Alhaji?"

"Misali ne, Malama. Allah ya ƙara ilimi."

Ya fito yana ɗingishi yana murmushi. Da yammar nan ya ce wa mai tsire ya ƙara tsinke, ya zaɓo mai kitse.

Mataki na 3: Kowace alama ka samo mata wani uban

Tunda ƙofa ta tsira, kai ma za ka tsira. Aikinka shi ne duk wata alamar tsire da ke jikinka ta sami wani dalili a bainar jama'a.

Hayaƙi: da ka dawo, kafin ka shiga falo, tara busasshen ganyen mangwaro a tsakar gida ka cinna masa wuta, ka tsaya a kansa da babbar riga kana baza hannu. Maƙwabta za su aiko a tambaya ko lafiya. Ka ce sauro.

Maiƙo a hannun riga: fara buɗe bonet ɗin mota kullum kana duba baƙin mai, ko da motar jiya ta fito daga gareji.

Albasa: ci ɗanya da safe, ka ce wani mai magani ya ce tana wanke jini.

Yaji shi ne mai wuya, don yana maƙalewa a gemu. Alhaji ya ƙulla shi a leda ya sa a aljihu, ya shiga barbaɗa shi a kan komai a gaban iyali. Gwanda, yaji. Kunun gyaɗa, yaji. Ranar da Hajiya ta zuba masa ido ya barbaɗa a shayi, ya shanye hawaye na zuba, ya ce, "Alhamdu lillahi, haka Larabawa ke sha."

Da Nabiha ta ce, "Abba, gemunka da yaji," ko kallonta bai yi ba. "Ƙofa ma kusurwa huɗu gare ta. Je ki tambayi malamarku."

Yarinya ta ciji biro. Nan daɗin 'yar lissafi yake: tana bin doka ko da dokar ta kayar da ita. Uwarta kuwa tsaki kawai ta yi, don ta riga ta yi alkawarin hujja.

Mataki na 4: Ajiye Gwaggo a gida

Ƙafa ba ta ɓoyuwa. Ka ci da yamma, da safe yatsa ya yi kamar dankalin Hausa. A nan kana bukatar misalin nan guda ɗaya mai rushe magana: mutumin da ƙafarsa ke kumbura alhali ba ya cin tsire.

Alhaji yana da shi a unguwar Hotoro. Gwaggo, ƙanwar mahaifinsa, ƙafafunta sun daɗe suna kumburin tsufa, haƙoranta kuma sun riga ta yin ritaya. Ya je ya kwaso ta da ƙunshin kayanta da butarta, ya ce zumunci ne ya motsa masa.

Washegari Nabiha ta ce, "Umma, ƙafar Abba ta sake kumbura."

"Gwaggo, ɗan miƙo ƙafar nan mu gani," in ji Alhaji. "Yawwa. Yaushe rabonki da tsire?"

"Tsire? Da wane haƙorin, Mamuda? Ja'irin yaro, zolayata za ka yi da sassafe?"

Ya juya wajen 'yarsa, ya ɗaga yatsa ɗaya. "Misali ɗaya tak."

Sai dai ka sani misali yana cin abinci. Kafin a ankara Gwaggo ta karɓe kujerarsa mai laushi, ta karɓe rimot, ta hana kunna iyakwandishan wai yana shiga mata ƙashi. Ka jure. Ba a samun ilimi a sanyi.

Mataki na 5: Kada ka gwada wayon balangu

Wani zai ce maka ai tsire Hajiya ta ce, ba ta ambaci balangu ko kilishi ba. Kada ka saurare shi. Wanda ya kawo wannan shawara a majalisarmu har yau a adaidaita sahu yake zuwa.

Mataki na 6: Ci abincin dare sau biyu

Kare kai kawai ba ya isa, sai ka kawo taka hujjar. Wata rana Alhaji ya ji Nabiha tana sabuwar bita: "Idan siffa ba ta da kusurwa huɗu, to ba murabba'i ba ce." Ya tambaya, ta ce wannan ita ce dawowar da aka yarda da ita: in abin da ya kamata ya biyo baya bai zo ba, to na farkon ma bai faru ba.

Ya kwana yana juya maganar kamar mai duba injin tsohuwar mota. Kashegari da aka kawo abinci ya gyara zama.

"Ku saurara. Idan mutum ya ƙoshi a waje, to zai bar tuwo a kwano. Haka ne?"

"Haka ne, Abba."

"To ku zuba ido."

Tuwon alkama ne da miyar kuɓewa, ba nama, gishirin ma leƙawa kawai ya yi. Ya ɗora shi a kan tsiren da ke kwance a ciki, loma bayan loma, gumi na tsatstsafo masa, har ya suɗe kwano ya kife shi. "Ban bar tuwo ba. Saboda haka?"

"Saboda haka ba ka ƙoshi a waje ba," in ji Nabiha a sanyaye.

Matsalar ita ce hujja irin wannan kullum sai an sabunta ta. Tumbi ya yi gaba, ƙafa ta ƙara nauyi, har ta kai yana sallah a kan kujera. Amma mukulli yana aljihunsa. Ka riƙe wannan a ranka duk lokacin da numfashi ya yi maka wuya.

Mataki na 7: In aka zo kan rantsuwa

A wannan mataki ka natsu, don a nan Alhaji Mahmudu ya sami ɗan tangarɗa.

Bayan magariba ne, ya dawo, ya gama turara kansa da ganyen mangwaro, ya shigo ya tarar da Hajiya da Nabiha da Gwaggo a falo. Ba littafi a gaban Nabiha, ba rula, ba biro.

"Abba, na bar maganar hayaƙi da yaji da ƙafa. Duk ka kayar da ni, kuma daidai ka kayar da ni. Saura ɗaya. Idan Abba yana da gaskiya, to kafin a rufe baki zai ce wallahi."

"Wa ya ce?"

Hajiya ta karɓe. "Kowa ya ce. Ko famfo aka bari a buɗe, kafin a tambaya ka rantse ba kai ba ne. Mai sayen mota bai gama buga taya da ƙafa ba, ka yi wallahi uku."

"Tunda aka fara maganar tsiren nan," in ji Nabiha, "ka kawo ƙofa, ka kawo Gwaggo, ka sha shayi da yaji. Ban ji wallahi ko sau ɗaya ba."

Alhaji ya ji falon ya ƙanƙance. Misali ɗaya yake bukata, rana ɗaya tak da ya taɓa zama mai gaskiya bai rantse ba. Ya laluba kasuwa, ya laluba ƙuruciya, bai samu ba. Ya juya wajen tsohuwa.

"Gwaggo, ke kika goya ni. Tuna musu wata rana da na yi gaskiya shiru, ba rantsuwa."

"Kai? Tun kana yawo ba wando kake rantsuwa. A kan ƙuli-ƙuli guda ka taɓa cewa a kawo Alƙur'ani ka dafa. Miƙo min rimot."

"To ai da sauƙi, Alhaji," in ji Hajiya, tana buɗe zif ɗin jaka. "Ka ce wallahi ba ka ci ba, magana ta ƙare, ka riƙe mukullinka."

Kalma ɗaya ce, ya faɗe ta a rayuwarsa fiye da sunansa. Ya buɗe baki. Ya tuna yanzun nan ya idar da sallah. Mutum ya iya ƙona ganye, ya iya kwaso gwaggonsa daga Hotoro, amma ya ɗora sunan Allah a kan tsinken tsire? Ya rufe bakin.

"Saboda haka," ya faɗa da kansa, murya ƙasa ƙasa.

Nabiha ba ta yi murnar cin nasara ba. Ta matso ta durƙusa kusa da kumburarriyar ƙafar. "Ni ba ruwana da mukulli, Abba. So nake in ga goshinka ya koma taɓa ƙasa in kana sallah."

To kai mai karatu, in ka kai nan, ga yadda ake yi: sa hannun dama a aljihu, ciro mukulli, ka miƙa ba tare da ka kalli jakar ba. Ba shi da wuya, Alhaji ya yi shi a karon farko.

Sanarwar wanke hannu

Ni dai ban sa maka tsinke a baki ba, ban kuma tura 'yarka ajin lissafi ba. Mukullin da ya tafi, tumbin da ya zo, maƙwabtan da suka daina gaishe ka, da duk wata gwaggo da ta ce ta ga wurin zama ba za ta koma gida ba, naka ne kai kaɗai. Mai ƙorafi ya same mu bayan la'asar a ƙofar gidan Alhaji Mahmudu, don tunda ba zai iya zuwa majalisa ba mun naɗo tabarmar mun kawo masa, daidai ƙarƙashin tagar Hajiya. Kokwamba ake rabawa. Ka zo da gishirinka, amma ka ɓoye shi da kyau, yarinyar ta shiga babi na gaba.