Lissafin Karkatar Fuskar Baba

Sunan Injiniya Lirwanu daga bakin Injiniya Lirwanu na fara jin sa, ranar wani suna a Anka, yana yi wa maroƙi faɗa don ya kira shi Malam. Allah ya yi mana baiwa da wannan bawa nasa. Shekara tara ya yi yana share ɗakin bincike a wata jami'a, inda ake da na'urar da ke haska abu da ƙwayoyin lantarki. Da tsintsiya ya kwaso ilimin, ya kawo mana gida. Matan unguwa na ce masa Farfesa Shara, amma sai ya ba da baya.

Kaset ɗaya muke da shi mai hoton marigayi Baba, na walimar saukar karatuna, kuma ni ke ajiye da shi. Kakarmu Iyatu ta taso daga Gummi don ta ga fuskar ɗanta Shitu tun idonta bai gama rufewa ba. Ran Juma'a za ta koma. Muka kunna tsohuwar talabijin mai ƙeya, sai ga Baba da kai kamar goran nono, kunne ɗaya shuɗi.

"Wanga ba ɗana ba ne," in ji Iyatu.

Ba mu aika ba, Injiniya ya zo. Ya hana kowa taɓa talabijin. Ya nemi kujera, ya nemi fura, ya buɗe littafi.

"Ku ba ku sani ba," ya ce, "cikin akwatin ga bindiga ce ke harbo ƙwayoyin lantarki, maganaɗisu na karkata su. In sun kauce, ana auna kaucewar hawa-hawa, na uku da na biyar. Daga nan har Bukkuyum ni kaɗai na iya lissafin."

Gaskiya ya faɗa, ba mai musu. Dokin mai baki ya fi gudu. Litinin ya auna hancin Baba da zare. Talata ya cika shafi goma sha biyu da haruffan da shi ma sai ya juya littafin kafin ya gane samansu. Laraba ya sanar cewa laifin na ƙasar Anka ne, zinarin da ke ƙarƙashinmu ke jan hoton. Inna, mahaifiyata, ta tambaye shi ko ƙaura za mu yi. Ya ce zai lissafa.

Ran Alhamis da hantsi allurar Iyatu ta faɗi. Ta lalubi saman talabijin tana nemanta, ta jawo wani ƙulli a tsumma: maganaɗisun da yayana Sufyanu ke tsince baƙin yashi da shi daga niƙaƙƙen dutsen zinari. Nan ya mance shi, daidai gwiwar hannun Injiniya, kwana huɗu. Kaza ta kwana kan dami.

Da aka ɗauke ƙullin, na kashe talabijin, na sake kunnawa. Baba ya miƙe sak, yana dariya, da hularsa a karkace yadda ya saba sa ta. Iyatu ta matsa har hancinta ya taɓa gilashin.

"Shitu," ta ce, "ka rame."

Injiniya ya bayyana wa jama'a cewa shafi na talatin ya riga ya hango hakan. Da zai fita ya ja ni zaure, ya sassauta murya.

"Hafsa ɗiyata, in tsohuwa ta tafi, ki maida ƙullin nan inda yake. Saura shafi biyu in gano matsalar."